Yadda Ake Amfani da Haruffan Giyar Mota Otomatik

Ranar da na fara tuƙa mota otomatik, bayan hannuna ya daɗe da sabawa da mai kulochi, ban yi nisa ba na kusa fasa goshina a sitiyari. Na zo tsayawa, ƙafar hagu ta tafi neman kulochi kamar kullum, ta ci karo da birki, ta danne shi da irin ƙarfin da ake danne kulochi. Mota ta ƙame cak. Duk abin da ke kujerar baya ya dawo gaba. Wanda ke zaune gefena bai yi faɗa ba, sai ya nuna ƙafata ta hagu ya ce, "Malam, wannan ta yi ritaya. Ajiye ta can gefe."

Ana cewa otomatik motar malalata ce, ka sa D ka kama hanya. Sauƙi kam tana da shi, amma ka riƙe abu guda tun daga farko: giyabos ɗin nan ba ya ganin hanya. Abin da ya sani shi ne gudun da mota take yi, da yadda ka taka totur, da nauyin da injin yake ja. Bai san akwai doguwar gangara a gaba ba, bai san a kan tudu ka faka ba, bai san tayarka na cikin laka ba. Kai ne mai ido. Haruffan da ke gefen sandar giya, irin su P ta fakin, R ta ribas, N ta firi da D ta tafiya gaba, da su kake gaya masa abin da ba ya gani.

Abin da ya maye gurbin kulochi

A yawancin motocin otomatik, man giya ne yake haɗa injin da giya lokacin da mota take tsaye ko take tafiya a hankali. Tsakanin injin da giyabos akwai wani rufaffen ƙoƙon ƙarfe da makanikai ke kira konbata. Cikinsa farfela biyu ne suke fuskantar juna a cikin man giya. Injin yana juya ta farko, ita kuma ta watsa man da ƙarfi ya juya ta biyu, ta biyun ce ke kai ƙarfi ga tayoyi. Shi ya sa injin ba ya mutuwa idan ka tsaya mota na cikin giya. Shi ya sa kuma da zarar ka ɗaga ƙafa daga birki a D ko R, mota take fara rarrafe da kanta ko ba ka taɓa totur ba.

Wannan rarrafen shi ne rabin tuƙin otomatik. Duk inda a mota mai kulochi za ka yi wasa da kulochi, kamar shiga wuri mai matsi ko bin cunkoso, a nan da birki za ka yi wasan.

Jerin haruffan ma ba haka kawai aka yi shi ba. Giyar otomatik ta farko da aka ƙera da yawa ita ce Hydra-Matic ta kamfanin General Motors, wadda ta fito a 1939 a motocin Oldsmobile. A irinta, R tana can ƙarshen jeri ne, maƙwabciyar L, ta yadda mai neman ƙaramar giyar gaba zai iya zarcewa ya faɗa ribas. A ƙarshen shekarun 1960 dokar Amurka ta wajabta a sa N tsakanin giyar gaba da ta baya, kuma jerin P, R, N, D da muka sani yau ya bi duniya.

Tashi daga tsaye

Gyara kujera yadda za ka iya danne birki har ƙasa ba tare da gwiwarka ta miƙe sambal ba. Ƙafar hagu ta hau ɗan madogarin da aka yi mata a gefe, ta zauna can har ka sauka. Ƙafar dama ce mai birki, ita ce kuma mai totur. Hikimar ita ce ƙafa ɗaya ba za ta taka biyun lokaci guda ba. Mai tuƙi da ƙafa biyu, ranar da ya firgita duka biyun zai danne. Ko bai firgita ba, ƙafar hagun da ya ɗora a kan birki tana cinye masa birkin sannu a hankali, tana kuma kunna jar fitilar baya, na bayansa ya rasa gane yaushe ne zai tsaya da gaske.

Tabbatar sandar tana P, ka taka birki, sannan ka tayar da mota. Injin ba ya tashi sai a P ko N, da gangan aka yi shi haka. Saboda haka in ka murɗa makulli ka ji shiru alhali fitilun allo sun kama, kafin ka zargi batir dubi sandar. Sau da yawa an kashe motar ne tana D, ko sandar ba ta zauna daram a P ba.

Ƙafarka na kan birki, danna maɓallin da ke jikin sandar ka ja ta zuwa D, ko R in baya za ka yi. Kada ka yarda da hannunka kaɗai, ɗaga ido ka karanta harafin da ya fito a allon gabanka. Jira kamar daƙiƙa ɗaya, za ka ji mota ta ɗan motsa alamar giya ta kama. Sannan ka sauke hanbirki, ka ɗaga ƙafa daga birki sannu-sannu, mota ta fara rarrafe, sai ka ɗora ƙafar a kan totur.

Da safe, ko duk lokacin da injin ya huce, allurar juyin injin takan haura 1,000, alhali in ya yi zafi takan zauna tsakanin 600 da 800. A lokacin rarrafen ya fi ƙarfi, giya kuma takan shiga da ɗan fizga, sai ka ƙara danne birki. Abin da ba a yi ko da wasa shi ne a ba mota wuta tana N sannan a jefa ta D. Faifan kulochin da ke cikin giyabos su ke shan wannan duka.

P ba birki ba ce

Nan ne mutane da yawa suke cutar motarsu kullum ba su sani ba. Idan ka sa P, wani ɗan ƙarfe ne kamar sakata, girmansa bai wuce yatsa ba, yake faɗawa cikin haƙoran wani faifai a cikin giyabos ya hana shi juyawa. Shi ke nan aikin P. Ba ta taɓa birkin taya ko ɗaya. Shi ya sa in ka sa P ka saki birki, mota take ɗan gangarawa kaɗan kafin ta tsaya tana rausaya: faifan ne ya juya har sakatar ta sami gurbi.

A fili mai shimfiɗa wannan ba wani abu ba ne. A kan tudu kuwa, duk nauyin da ke jan mota ƙasa ya rataya a kan wannan ɗan ƙarfe. Ka taɓa zuwa fitar da sanda daga P ka ji ta ƙi, sai da ka sa ƙarfi ta fita da ƙara, "ƙwas", mota ta girgiza? Sakatar ce aka fizge daga ƙarƙashin kaya. Yau da gobe tana cinyewa, ita da wayar da ke jan ta.

Ga yadda ake fakin don kada hakan ta faru:

1. Tsayar da mota cak da birkin ƙafa, kada ka ɗaga ƙafar.
2. Mayar da sanda N.
3. Ja hanbirki sosai, ko ka danna maɓallinsa in na lantarki ne.
4. Sassauta ƙafarka a hankali har ka ji mota ta zauna a kan hanbirki. In ta ci gaba da gangarawa, hanbirkin bai kama ba, sake taka birki ka ƙara ja.
5. Sake taka birki, sannan ka sa P, ka kashe injin.

Da haka hanbirki ne ya ɗauki kayan, P ta zama mai jiran ko-ta-kwana. In tudun mai tsanani ne, karkatar da tayoyin gaba ta yadda ko mota ta kuɓuce, gefen hanya za ta nufa, ba tsakiyar titi ba. Lokacin tashi kuma ka taka birki, ka tayar, ka sa D ko R, hanbirki ne na ƙarshe da za ka sauke.

Ni ko a fili nake jan hanbirki. Daƙiƙa ɗaya ce, kuma hanbirkin da ba a amfani da shi wayarsa takan yi tsatsa ta ƙame, ranar da ake nemansa a rasa.

Kada ka sa P mota tana motsi, ko da rarrafe take. In tana gudu, sakatar za ta yi ta karo da haƙoran tana "kar-kar-kar" ba ta shiga ba. In a hankali take, za ta shige da ƙarfi mota ta tsaya da fizga, wata rana ta karye.

R

Doka ɗaya ce a nan: mota ta tsaya cak kafin ka tashi daga D zuwa R, ko daga R zuwa D. Inda aka fi karya ta shi ne wajen juyawa a ƙaramin wuri, mutum yana sauri, mota na gangarawa baya ya jefa ta D don giya ta tare ta. Birki aka yi don tsayar da mota, kuma sauya takalmin birki ba a haɗa shi da buɗe giyabos. Sababbin motoci da yawa suna ƙin karɓar R in suna gudu, amma ba hujja ba ce ta gwadawa.

Wajen yin baya, bar rarrafe ya yi maka aiki. Ƙafarka ta tsaya a kan birki tana sassautawa tana dannewa. Ba ka buƙatar totur sai in tudu za ka hau da baya, shi ma kaɗan. Yawancin masu afka wa bango a ribas, ƙafarsu tana kan totur ne lokacin da suka firgita, suka danne shi suna zaton birki ne.

N, wato firi

A N injin na aiki amma an raba shi da tayoyi, kuma babu abin da ke riƙe da mota. Ko ɗan karkata ƙasa ta yi, za ta tafi. Amfaninta kaɗan ne: lokacin da za a tura mota, lokacin da za a ja ta a hau da ita kan wata motar, da lokacin doguwar tsayuwa tare da hanbirki.

Akwai wani amfani da ba a fatan ranarsa amma ya kamata kowa ya sani. In totur ya maƙale, ko tabarmar ƙasa ta danne shi, mota ta ɗauki gudu da kanta, tura sanda N. A yawancin motoci daga D zuwa N ko maɓalli ba sai ka danna ba. Injin zai yi kururuwa, rabu da shi. Taka birki da ƙarfi ka riƙe, ka gangara gefe, sai ka tsaya sannan ka kashe injin. In ka kashe shi mota na gudu, sitiyari zai yi nauyi, birki ma zai yi tauri bayan taku ɗaya ko biyu.

Sai maganar sa mota a firi a gangara wai don a rage shan mai. Wannan ɗabi'a ce da aka gado daga zamanin kafireto. Motar zamani mai allurar feshin mai, in tana gangarawa cikin giya ka ɗaga ƙafa daga totur, kwamfutarta takan yanke man gaba ɗaya, domin tayoyi ne ke juya injin. In kuwa ka sa N, dole a ci gaba da ba injin mai don kada ya mutu. Ka ga ba riba ke nan. Asarar kuma babba: ka rasa riƙon da injin yake yi wa mota, komai ya koma kan birki, kuma in wani abu ya taso da ke buƙatar ka ba da wuta ka kauce, ka taka totur babu amsa.

To a danja fa, D za a bari ko N? In tsayuwar ta ɗan lokaci ce, bar ta a D ka riƙe birki, an yi ta don haka. In ka ga abin zai ɗauki mintuna, sa N ka ja hanbirki ƙafarka ta huta. Ba na son sa P a tsakiyar titi, domin kafin ka dawo D sai ka bi ta R, farar fitilar ribas ta haska, gaban na bayanka ya faɗi.

D

A D giyabos na zaɓen giya da kansa, daga ta ɗaya har ta ƙarshe. Tsofaffin motoci giya 3 ko 4 gare su, na yanzu akwai masu 8, 9, har 10. Amma ƙafarka na da ta cewa. In ka taka totur a hankali, zai riƙa hawa giya da wuri, injin ya yi sanyin murya, mai ya yi auki. In ka taka da ƙarfi, zai riƙe kowace giya ya daɗe kafin ya sake. In ka kai gudun da kake so ka ɗan sassauta ƙafa, sau da yawa nan take zai hau giya ta gaba.

Idan za ka wuce wata mota, danne totur har ƙasa. Giyabos zai sauko da giya ɗaya ko biyu, injin ya ɗaga murya, mota ta zabura. A wasu motocin za ka ji kamar ɗan maɓalli a ƙarshen totur ɗin. Sai dai akwai ɗan jinkiri tsakanin takawa da zaburar, kusan daƙiƙa guda. Gwada shi a hanyar da babu kowa ka san halin motarka, kada ya zama ranar farko da za ka gwada ita ce ranar da babbar mota ke tahowa gabanka.

A kan hawa, in cunkoso ya tsayar da kai, kada ka riƙe mota da totur. Kana ganin ta tsaya lafiya, amma a cikin konbata man giya ne ake ta kaɗawa yana ɗaukar zafi, kuma zafi ne babban makashin giyabos. Riƙe ta da birki. In za ka tashi a hawa mai tsanani, ja hanbirki, ka ɗan ba da wuta har ka ji mota na son tafiya, sannan ka sauke shi. Motoci da yawa na yanzu suna riƙe birki da kansu kamar daƙiƙa biyu bayan ka ɗaga ƙafa, don ka sami damar komawa kan totur.

Haruffan da aka manta da su: 3, 2, L da 'yan uwansu

Akwai mutanen da za su yi shekara goma da mota sandarsu ba ta taɓa wuce D ba. Alhali a nan ƙasa ne ake gaya wa mota abin da ba ta gani.

Ma'anarsu mai sauƙi ce. 3, ko D3, na nufin kada ta wuce giya ta uku. 2 na nufin kada ta wuce ta biyu, a wasu motocin ma, kamar tsofaffin Honda, da ta biyun za ta tashi ta kuma zauna a kanta. L, ko 1, ita ce giya ta ɗaya. A motoci masu giya huɗu sau da yawa akwai ɗan maɓalli a jikin sanda mai rubutun O/D. In ka danna shi, rubutun O/D OFF ya kama a allo, ka hana ta shiga giya ta huɗu ke nan, daidai yake da sa 3. Mutane da yawa suna yawo da wannan fitila a kunne ba su sani ba, suna mamakin yadda mota ke ƙara tana shan mai a babbar hanya. A tafiyar yau da kullum fitilar a kashe ya kamata ta kasance.

Babban aikinsu a doguwar gangara ne. A D, mota na ganin ba ka taka totur ba sai ta hau babbar giya ta sake jiki, gudu ya yi ta ƙaruwa, kai kuma ka kwanta a kan birki. Birki kuwa gudu yake mayarwa zafi. In ka daɗe a kansa, takalman su yi zafin da ba sa kamawa, ka fara jin wari kamar na ƙonewa. In abin ya yi tsanani man birkin ya tafasa, ka taka feda ta tafi ƙasa fayau. Maganin shi ne injin ya taya birki riƙo.

Tun kana saman gangarar, kafin mota ta ɗauki gudu, rage gudu da birki. Ɗaga ƙafa daga totur, ka ja sanda daga D zuwa 3. Ba sai ka tsaya ba, tsakanin D da waɗannan ana sauyawa mota na tafiya. Za ka ji injin ya ɗaga murya mota ta ɗan ja baya, wannan shi ake nema, ba lalacewa ba ce. In har yanzu gudu na ƙaruwa, taka birki ka rage sosai, sannan ka sauko 2. L ta gangara mai tsananin gaske ce, inda tafiyar ba ta wuce ta mai keke ba. Mataki-mataki ake saukowa, kana kallon allurar juyin injin kada ta kusanci jan layi. Birki kuma ka riƙa taka shi da ɗan ƙarfi ka rage gudu ka saki ya sha iska, maimakon ka ɗora ƙafa a kansa tun daga sama har ƙasa. Da ka sauka fili, mayar da ita D.

A hawa ma suna da rana. In kana hawan dutse da kaya ko kana jan wani abu a baya, za ka ji giyabos na ruɗewa, ya hau giya, ƙarfi ya gaza, ya sauko, ya sake hawa. Wannan kai-komon zafi yake tarawa. Sa 3 ko 2 ya zauna wuri guda.

Sababbin motoci sun sauya haruffan amma aikin ɗaya ne. M, ko alamar + da −, tana ba ka damar zaɓen giya da kanka, ta sanda ko ta 'yan faifan da ke bayan sitiyari: − don saukowa, + don hawa. In ka nemi giyar da za ta cutar da injin, kwamfuta za ta ƙi, wani lokaci da ɗan ƙara. S a yawancin motoci tana sa giya ta daɗe kafin ta hau, mota ta fi zafin nama, ta kuma fi shan mai, amma a wasu ƙirar Toyota S ɗin ce hanyar zaɓen giya da hannu. B kuma za ka gan ta a motoci masu haɗa injin da batir kamar Prius, aikinta riƙe mota a gangara, ba ta tafiyar yau da kullum ba ce.

Laka, yashi da santsi

A wuri mai santsi ƙarfi ne abokin gaba. In motarka na da maɓallin da aka yi don ƙanƙara, mai harafin W ko hoton ƙanƙara, danna shi, yana sa ta tashi da giya ta biyu don taya kada ta yi ta juyawa a banza, kuma yana aiki a laka. In ka kafe, miƙe sitiyari, ka sa D ka ɗan taɓa totur, mota ta matsa gaba kaɗan, taka birki tayoyi su tsaya, sa R ta dawo baya kaɗan, ka sake. Kowane zuwa ramin na ƙara tsawo har ta fita. Sharaɗin shi ne tayoyi su daina juyawa kafin kowane sauyi. In ka yi sau biyar ko shida babu alama, haƙura a nemi masu turi ko a sa wani abu ƙarƙashin taya. Ci gaba da ba ta wuta ƙara binne ta yake, yana kuma dafa man giya.

Idan mota ta mutu

Otomatik ba ta tashi da turi, kada ka wahalar da mutane. Famfon da ke matsa man giya injin ne ke juya shi, in injin bai tashi ba babu abin da zai haɗa taya da shi. Batir za a nema a yi mata jam.

In batir ya mutu, sanda takan maƙale a P ko ka taka birki. Dubi gefen sandar, akwai ɗan murfi ƙarami ko maɓalli. Ja hanbirki tukuna, ka buɗe murfin, ka danna abin da ke ciki da makulli ko sukundireba, kana danne da shi ka ja sanda zuwa N. In batir lafiya lau amma sandar ta ƙi fita, sa wani ya duba ko fitilar birki na kamawa, domin siwic ɗaya ne ke kunna ta yake kuma sakin sandar.

Wajen ja kuma, wannan famfon dai shi ne matsalar. In aka ja mota da igiya tafiya mai nisa injin a kashe, kayan cikin giyabos na juyawa babu mai mai zagayawa. A ɗora ta gaba ɗaya a kan motar ɗauka, ko a ɗaga tayoyin da ke ja daga ƙasa. Mai ja da taya huɗu kuwa ɗaukar ta ya fi.

Ba duk otomatik ne iri ɗaya ba

Haruffan ɗaya ne amma cikin ya bambanta. Wadda ake kira CVT ba ta da giya ɗaya, biyu, uku, bel ne na ƙarfe tsakanin faifai biyu masu buɗewa da tsukewa. In ka taka ta, injin zai tsaya a murya ɗaya gudu na ƙaruwa, kamar kulochi na zamewa, amma halinta ne. Man giyarta daban ne, kada a zuba mata na otomatik ɗin da aka saba. Mai kulochi biyu kuma, irin DSG ta Volkswagen, kulochi ne na gaske a ciki kwamfuta ke taka shi. Ita ce ta fi tsanar doguwar rarrafe da riƙo da totur a tudu. A cunkoso, bari na gabanka ya ba da ɗan fili sannan ka saki birki gaba ɗaya ka matsa, maimakon ja da rabin birki.

Sandar kanta ma ta sauya. Wasu motocin maɓallai gare su, wasu abin murɗawa, Mercedes da yawa a jikin sitiyari take, wasu kuma in ka tura ta sai ta dawo tsakiya da kanta, hannu ba zai gaya maka inda kake ba. A 2016 kamfanin Fiat Chrysler ya janye motoci sama da miliyan 1, ciki har da Jeep Grand Cherokee, saboda direbobi na sauka suna zaton sun sa P alhali ba ta shiga ba, mota ta gangara. Saboda haka duk motar da ba ka saba da ita ba, ta aro ce ko ta haya, kafin ka motsa zauna da ƙafa a kan birki ka bi haruffan ɗaya bayan ɗaya kana kallon allo, ka nemo inda hanbirkinta yake. In za ka sauka kuma, sai ka ga P da idonka a allon, ka ga jar fitilar hanbirki ta kama, sannan ka buɗe ƙofa.